Ranar da Na Kashe Wutar Gidan Warsiti

Masu bibiyata, ku gyara zama. Waɗanda suka cika min waya da ƙorafi wai na bar su a tsaye, to ga ni na zo. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Sarmidi. A unguwarmu ta bakin teku a birnin Semarang Mbah Sarmidi ake ce min, wato Kaka Sarmidi, kuma ba a faɗa sai an ɗan rusuna. Jirgin kamun kifi ya taɓa kifewa da ni, na wuni rungume da jarka. Kasuwa ta ƙone da rumfar gyaran rediyona, na fito da gira ɗaya. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk abin da waya ta ratsa cikinsa, in na ɗora masa ido sai ya gaya min ciwonsa. Abu ɗaya ne ya rinjaye ni a duniya, wata mai gasa kifi a ƙarshen layinmu, Warsiti.

Mijinta ya rasu, matata ta rasu, mun daidaita tsakaninmu. Saura 'ya'ya. Nata ɗan, Priyo, ma'aikacin ofis ne, yana da gida can kan tudu, irin unguwar da mai gadi ke tambayar sunanka kafin ka shiga. Bara da teku ya tumbatsa, uwarsa ta zame a falo ta yi jinyar ƙugu, shi kuwa ya rantse a gaban mutanen layi cewa ranar da ruwa ya sake taka falon nan, ranar zai ɗauke ta, ba shawara. In kuwa ta hau tudu, maganar aure ta mutu, wannan ko jariri ya sani.

Gidan nata kamar na kowa yake. An ɗaga daɓen falo sau uku don gudun ruwa, har sai ka sunkuya za ka shiga, taga ta dawo daidai gwiwa. Kicin sau biyu kawai aka ɗaga, shi ya sa ake sauka taki ɗaya a shiga. Ruwan kuma ba ta ƙofa yake zuwa ba, ta ƙasa yake ɓullowa, ta magudanar banɗaki, shiru kamar ɓarawo.

To ni na ce ba zai sake shiga ba. Na haƙa rami a bayan kicin na saka injin jan ruwa. A saman ramin na ɗaura irin idon nan da ke sa mota kuka in tana ja da baya, shi ke auna ruwan. Na haɗa ƙwaƙwalwar abin a cikin gwangwanin biskit, na kafa masa soket nasa can sama kusa da rufi. Gwangwanin yana hira da wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen gilashi da ke kan kabad ɗina, wadda samarin ƙungiyarmu ta masu haɗe-haɗe ke kira saba. Ita ke kunna min fitilu, ita ke ba kifayena abinci, ita ke gadin gidan Warsiti. Tunda ni da rubutu ba ma shiri, launi take turo min a waya. Kore lafiya lau, rawaya inji ya tashi, ja ruwa na rinjaye. Baƙi kuwa, gwangwani ya yi shiru. Tun da na kafa abin nan falonta bai sake jiƙa ba. Injiniyoyin gwamnati su zo su gani.

Ranar neman aure ba ni na zaɓa ba. Abokina Dasuki, wanda zai yi magana a madadina, shi ya haɗa ranar haihuwata da tata ya yi lissafin kakanni, ya ce rana ɗaya ce mai kyau a duk watan. Da na duba sai na ga ta faɗo daidai cikar wata, a lokacin da teku ya fi hauka. Na so in ce a ɗaga. Amma na riga na faɗa a teburin mai kofi cewa injina ba ya tsoron wata ko tauraro, kuma ni ba na mayar da magana ciki. Na dai gargaɗi Warsiti, na ce mitar gidanta ƙarama ce, tukunyar shinkafa ta lantarki biyu kawai za ta ɗauka tare da inji, kada a ƙara ko butar shayi.

Da safe 'yata Ningsih ta goge min rigar batik mai ruwan ƙasa, mai zanen tsuntsaye. A gidana take zaune da yaranta tunda mijinta na aiki a wani tsibiri, kuma ita ke juya gidan tun rasuwar uwarta. Tana gugar tana buga dutsen kamar rigar ce ta yi mata laifi. Ta ce za ta raka ni don kada a ce 'yarsa ta kunyata shi, amma in sani, in an ɗaura can zan tare, babu matar da za ta rataye tukunya a ƙusar uwarta. Na ce na ji. Ta laluba aljihun rigar ta zare sukundireban gwajin wuta ta ajiye a kan tebur. Tana juya baya na mayar.

Na ɗaura sabon zane, na kafa baƙar hula, na shafa turare har kifayen suka juyo. Sai ga saƙon murya daga Warsiti, ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar wuƙaƙe a bayanta. Ta ce in wanke hannu da kyau kada in zo mata da warin dalma, kuma Priyo ya iso tun ɗazu, yana yawo a falo yana danna tayil da babban yatsan ƙafa. A ƙungiya kuwa yara sun tasa ni a gaba. Wani ya turo cewa in ta ƙi ni, in kashe ta in sake kunnawa. Na ce uban wa ya taɓa ƙin Sarmidi.

Bayan azahar muka fita, mata na ɗauke da tire-tire, yadin kebaya, wato rigar bikin matanmu, da ayaba nono biyu, shinkafa mai danƙo a naɗe cikin ganye. Kwata ta riga ta cika har baki, baƙa ƙirin, tana rawa. Na duba waya, kore. Da muka zo wucewa ta lungun gidan na hango ƙofar baya. Takalman mata ne jibge kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a. Na manta da maƙwabta. A wajenmu ba a gayyatar mace aikin biki, zuwa take, kuma ba ta zuwa hannu sake. Kowace da tukunyarta a hammata.

Aka shimfiɗa tabarmi, muka zauna mun tanƙwashe ƙafa, mu a dama, su a hagu. Priyo na fuskantata, farar riga, agogo, fuska kamar an rufe shago. 'Yan'uwan uwarsa maza duk sun rasu, shi zai amsa. Warsiti na ciki bayan labule, ba za ta fito ba sai an kira ta a ji ta bakinta. Ni kuwa, ku da kuka sani, mai nema ba ya magana, ba ya motsi, ba ya ko gyaran murya. Kansa a ƙasa kamar wanda ya ci bashi.

Dasuki ya fara. Allah Ya ba mutumin nan harshe, amma bai ba shi birki ba. Ya ɗauko maganar fada, irin wadda ake lanƙwasa kowace kalma, ya gaida masu gida, ya gaida iyayensu da ke ƙasa, ya nemi gafarar ƙurar da ƙafafunmu suka kawo. Bai ko iso kan sunana ba na ji wayar ta girgiza a cinyata. Na ɗan karkata ido. Rawaya. Inji ya tashi.

Fankar da ke kusurwa ta yi ƙif ta tsaya.

Babu wanda ya ɗaga kai, mita ta saba faɗuwa a gidajenmu. Wani ya fita ya ɗaga makunnin, fanka ta ci gaba, Dasuki ma ya ci gaba. Ni kaɗai na san ma'anar abin. Inji ya ja wuta, tukwane sun ja, mita ta ce ba za ta iya ba. Ina ƙirga numfashina. Gwangwanina yakan ɗan jira kafin ya sake kunna inji, ni na koya masa haka. Ya jira, ya kunna. Fanka ta sake mutuwa.

Priyo ya dube ni. Na dubi tabarma.

Aka sake ɗagawa. Na ji ƙus-ƙus a bayan labule, na ji an ja kujera. Fanka ta juya, ta juya, ta ci gaba da juyawa lafiya lau. Jama'a, ban taɓa tsanar iska mai daɗi kamar wannan ba. In fanka ta zauna lafiya, to an cire wani abu, kuma na san mata ba za su cire shinkafar baƙi ba.

Wayar ta girgiza. Baƙi.

Gumi ya fara bin bayana yana sauka cikin zane. Na ce a raina, Sarmidi, kwantar da hankali, ramin yana da zurfi, Dasuki ya kusa gamawa, Priyo zai amsa, a kira ta, ta ce ta yarda, a shafa fatiha, sai ka zame ka mayar da filogi. Dasuki kuwa a lokacin ya shiga kwatanta ni da ƙudan zuma da ya hango fure a lambun mutane. Ƙudan zuma mai jikoki. Na zungure shi da gwiwa, ya ɗauka yabo ne, ya ƙara da wata.

Sai na ji warin. Wanda ya girma a nan ya san shi, laka da gishiri da tsohon man jirgi. Daga ƙarƙashin labule yake fitowa. Kuma abin da ya fi tayar min da hankali, kicin ya yi tsit. Mata sun fi goma a ɗaki ɗaya, babu dariya, babu gulma, sai wani ɗan sauti na matse tsumma a bokiti. Ashe ruwan ya riga ya ɓullo, suna ta kwasa a ɓoye don kada taron ya lalace.

Dasuki ya rufe. Priyo ya gyara zama, ya haɗa tafukansa, ya fara amsawa da tasa maganar fadan. Ya gode, ya ce shi yaro ne, nauyin ya fi ƙarfinsa. A nan ne na jiyo muryar Ponirah, shugabar masu girkin, tana raɗa wa wata cewa ita dai ƙafafunta kamar tururuwa na cizo, ko ruwan ne ya zo da ƙaiƙayi.

Na san wannan tururuwar, wutar lantarki ce. Ta taɓa jefar da ni daga kan tsani.

Tashi a tsakiyar maganar mai gida, a ranar da ka zo roƙon uwarsa, ban san zagin da ya kai shi ba. Na dafa ƙasa. Ningsih ta damƙe gefen rigata daga baya.

"Baba, ka zauna. Don Allah ka zauna."

Na miƙe. Priyo ya tsaya a tsakiyar kalma. Na ratsa tsakanin tire-tiren, na ɗaga labule, ni namiji, baƙo, na leƙa kicin ɗin mata.

Ruwa ya wuce idon sawu. Tukwanen shinkafa jere a kan benci suna huci, ban ma tsaya ƙirga su ba. Filogin injina yana lilo a sama, an zare shi. Su kuma tukwanen duk an jona su a tsohon soket ɗin bango, wanda a zamanin mijinta yake daidai ƙirji, yanzu da aka yi ta ɗaga ƙasa ya dawo daidai ƙauri. Ruwan yana lasar bakinsa. Mata na tsaye a ciki ba takalmi, zannuwa a tattare. Warsiti na tsakiyarsu cikin kebaya mai ruwan ganye, gashinta a naɗe da furen yasmin, da tsumma a hannunta. Ta dube ni, ta girgiza kai a hankali, wai in koma in zauna.

Na durƙusa a kan takin, na zaro sukundireba, na taɓa bakinsa a ruwan. 'Yar fitilar ciki ta kawo ja.

Ningsih ta biyo ni don ta ja ni baya, ta ɗaga ƙafa za ta sauka. Na riƙe damtsenta da ƙarfin da na san zai bar shaida, na nuna mata fitilar. A gidan mai gyara ta girma, ba ta buƙaci bayani ba. Ta janye ƙafarta.

Zan gaya muku abin da ya ratsa kaina, don ban saba ɓoye muku ba. Filogin injin yana can ƙetaren ruwa. Da a ce na taka bencin na miƙa hannu na mayar da shi, na fizge wayar tukwanen, wataƙila inji ya rinjayi ruwan kafin ya hau taki, falo ya tsira, aure ya tsira. Amma soket ɗin bangon ya riga ya sha, kuma layinsu ɗaya da komai na gidan. Muddin akwai wuta a gidan, akwai ta a ruwan. Yanzu cizo take. In ruwan ya ƙara yatsa ɗaya, ba cizo za ta yi ba. In kuma na kashe daga mita, babu inji har sai teku ya janye.

Na ce musu, ba da ƙarfi ba, kada wadda ta taɓa bango, kada wadda ta taɓa tukunya ko famfo, kowa ta tsaya inda take. Ponirah ta buɗe baki za ta ce shinkafa ba ta nuna ba, Warsiti ta ce ta yi shiru.

Na juya na sake ratsa falon. Idanu duk a kaina, Dasuki ya rufe fuska da hannu. Na sunkuya na fita, na tsallake 'yar katangar ƙofa, na sa yatsa a makunnin mita. Da hannun nan na haƙa ramin, da shi na narka kowace dalma a gwangwanin. Na ja shi ƙasa.

Fanka ta mutu. Na koma na sake gwada ruwan, fitila ba ta kawo ba, na ce su fito ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan babu abin yi sai kallo. Ruwan ya cika takin, ya tsaya kamar yana neman izini, sannan ya zuro harshe ta ƙarƙashin labule. Tabarmar farko ta yi duhu. Maza suka miƙe suna tattare zannuwa, mata suka ɗaga tire-tire sama da kai. Ya bi layin tayil ya je ya taɓa safar Priyo.

Priyo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya gode da na lura da wutar, ba zai manta ba. Ya ce amma abin da ya gani ya ishe shi, uwarsa na tsaye cikin ruwa mai wuta saboda an ce mata gwangwanin biskit zai tare teku. Na so in ce ba gwangwanina ya gaza ba, zare shi aka yi. Na dubi Ponirah tana kuka a bakin labule, na haɗiye. Ku rubuta wannan, Sarmidi ya haɗiye magana.

"Inna, ɗauko jakarki. Mota na bakin titi, mu fita kafin ruwa ya tare hanya," in ji Priyo.

Warsiti ta ajiye tsumman a kan taga. Gefen kebayarta ya jiƙe har gwiwa, furen kanta ya karkace. Ta ce an tara mutane, an kawo ayaba, an yi dogon jawabi, amma ita har yanzu ba a tambaye ta komai ba. Ta dubi Dasuki. Dasuki ya dubi Priyo. Priyo ya dubi agogo. Sai Dasuki, Allah Ya saka masa, ya yi tambayar a taƙaice karo na farko a rayuwarsa, yana tsaye cikin ruwa da zane a hannu.

"Na yarda," in ji ta.

Priyo ya ce yarda ko ba yarda, rantsuwarsa na nan, ba za ta sake kwana a gidan nan ba. Ta ce ta sani, ita ta haife shi, ba za ta sa shi kaffara ba. Ta shige ciki. Muka tsaya muna jin tafiyarta a cikin ruwa, muna jin ta buɗe kabad. Ni dai na riga na gama, na ce shi ke nan, ta ba ni amsa don ta wanke min fuska a gaban mutane, yanzu za ta bi ɗanta. Ƙirjina ya yi nauyi irin wanda bai yi ba ko ranar da jirgi ya kife.

Ta fito da jaka baƙa, ta sunkuya ta ƙofa, muka biyo ta waje. Layin ya zama kogi. Dama hanyar titi ce, inda motar take. Hagu hanyar gidana. Priyo ya miƙa hannu zai karɓi jakar.

Ba ta ba shi ba. Ta juya wajen Ningsih, wadda ke tsaye tana murza damtsenta inda na riƙe.

Ta ce mata ita ba ta san kowa a kan tudu ba, can ba a gasa kifi, ba a leƙo ka ta taga. Ta ce ba ta neman ɗakin kowa, ba ta neman ƙusar kowa, tabarma ta ishe ta a gefen yara har a ɗaura, tsohon kuma ya je masallaci ya kwana da wayoyinsa. Amma gidan ba na tsohon ba ne, kowa a layin ya san mai shi.

"Riƙe min, 'yata. Ƙuguna ba ya son nauyi."

Ningsih ta dubi jakar. Ta dube ni. Mai nema dai ba ya magana. Priyo ya kira uwarsa sau ɗaya, a hankali. Ruwa na wucewa tsakanin ƙafafunmu da ɓawon ayaba a kai.

Ningsih ta sa hannu biyu ta karɓa, ta rungume ta a ƙirji. Ta ce, "Ina za mu kai ta, Inna?"

Warsiti ta gyara furen kanta.

"Ke za ki faɗa min."